Da wace tiya za mu auna Musa Ma'azu?

Daren jiya gardama ta tashi a fadarmu, irin wadda ba ta ƙarewa sai gawayin shayi ya mutu. Ana cikin hirar tamola sai wani ƙanenmu da bai wuce shekara 20 ba ya ce shi fa bai ga abin da ya sa manya ke yawan ambaton Musa Ma'azu ba. Ya ciro waya ya karanto mana jerin ƙungiyoyin da mutumin ya buga wa wasa, ya yi ta lissafi har yatsun hannunsa suka ƙare ya koma farko, sannan ya dube ni ya ce: "Yaya, wanda ya iya ba ya yawo haka. Wannan ai ɗan ci-rani ne." Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san inda nake ranar 10 ga Oktoban 2010, shi kuwa lokacin ko ɗaurin takalmi bai gama iyawa ba.

Amma da na dawo gida na kwanta sai na ga yaron bai yi ƙarya ba. Ya auna da tiyar da ke hannunsa ne, kuma tiyar ta Turai ce: ƙwallo nawa ka ci, shekara nawa ka zauna a babbar ƙungiya, kofi nawa ka ɗauka. In da wannan za a auna, Ma'azu bai cika ta ba, kuma ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa a kan haka ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ce ita kaɗai ce tiyar da ɗan Nijar zai auna shi da ita.

Bari mu soma da ta Turan, tunda ita ce aka fi yi masa gori da ita. An haife shi a Yamai a shekarar 1988, ya fito ne daga ASFAN, ƙungiyar sojojin ƙasa. A farkon 2008, yana ɗan shekara 19, ƙungiyar Lokeren ta ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi. A kakar 2008 zuwa 2009 ya zuba ƙwallaye 14 tun kafin kakar ta ƙare, abin da ya sa idon manyan ƙungiyoyi ya dawo kansa. Wanda ya taɓa ganin wasansa ya san makaminsa: dogo ne, ga ƙarfi, ga gudu irin na barewa. A jefa masa ƙwallo bayan ƴan baya, a bar shi da fili, to sai dai mai tsaron gida ya yi ta kansa. Abin da ba shi da shi kuma a bayyane yake. Tarar ƙwallo ta tsaya cak a ƙafa, juya wa raga baya a riƙe ƙwallo har abokai su iso, sanin inda za a tsaya kafin ƙwallon ta zo: waɗannan abubuwa ne da ake koya wa yaro yana ɗan shekara 12 ko 13, a fili mai kyau, gaban malamin da ya san aikinsa. Yaron Faransa ko na Beljiyam da ya kai shekara 19 ya riga ya yi shekara bakwai ana gyara masa su. Namu yaron ya je ne da baiwar da Allah ya ba shi da abin da ya tsinta a rairayin unguwa.

A watan Maris na 2009 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi a kan kuɗi kusan miliyan 5 na Yuro, wato sama da miliyar 3 na sefa. Ba a taɓa jin an sayi ɗan wasan Nijar da irin wannan kuɗi ba, kuma na tuna yadda muka yi ta jujjuya adadin a baki kamar mu za a raba wa. Yau in na waiwaya, a nan nake ganin tuntuɓe na farko. Shekara ɗaya da ƴan watanni kacal ya yi a Lokeren. Tuwon bai nuna ba aka sauke tukunya. Ya sauka Rasha, ƙasar da ba ya jin yarenta, ga sanyin da ɗan Yamai bai taɓa mafarkinsa ba, ya tarar da Vágner Love da Tomáš Necid suna neman wuri ɗaya da shi. Ga shi kuma shekarar ta zo wa ƙungiyar da rikici: Zico ɗan Burazil, wanda Ma'azu ya tarar yana horar da su, an sallame shi a watan Satumba, Juande Ramos da ya gaje shi bai cika wata biyu ba, sannan Leonid Slutsky ya karɓa. Masu horarwa uku a shekara guda, kowanne da irin wasan da yake so. Sabon yaro da ke buƙatar wanda zai zauna da shi ya koya masa, wa ke da lokacinsa?

Sai dai kada in yi son kai. Wannan CSKA ɗin ce ta ɗauki wani Musan, Ahmed Musa na Nijeriya, a farkon 2012, shi ma yana ɗan shekara 19, shi ma gudu ne jarinsa, shi ma daga ƙaramar ƙungiyar Turai ya zo, VVV ta ƙasar Holan, bayan Kano Pillars. Ahmed ya zauna shekara huɗu da rabi, ya ci gasar Rasha sau uku, ya wuce Leicester ta Ingila. Gaskiya ne ya yi sa'ar samun mai horarwa guda tun daga zuwansa har tafiyarsa. Amma kuma ya yarda a tura shi gefe ya buga, ya yi haƙurin zaman benci, ya koyi abin da bai iya ba. Saboda haka ba za a ɗora wa ƙaddara da dillalai laifin duka ba. Akwai kason Ma'azu a ciki, kuma za mu zo kansa.

A Janairun 2010 aka ba da shi aro ga Monaco, kuma watanni biyar ɗin da ya yi a can su ne mafi daɗi a rayuwarsa ta ƙungiya. Ya ci ƙwallaye a gasar Faransa, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Lens a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Faransa, cikin ƙarin lokaci. Ranar 1 ga Mayun 2010 ɗan Nijar ya taka filin Stade de France a wasan ƙarshe, duk da PSG ce ta ɗauke kofin da ci ɗaya. Da an bar shi a Monaco shekara biyu ko uku, wataƙila da wani labarin muke bayarwa yau. Amma ɗan wasan aro kamar jakin haya ne, mai shi ke cewa inda zai kwana. Kaka ta gaba sai ga shi a Bordeaux.

A nan ne komai ya dagule, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Bordeaux ta ci gasar Faransa a 2009. A bazarar 2010 ta rasa mai horar da ita Laurent Blanc, ta rasa Yoann Gourcuff, ta rasa Marouane Chamakh da ya koma Arsenal. Magoya baya na cikin ɓacin rai, suna jiran wanda zai maye gurbin Chamakh, ɗan wasan da aikinsa shi ne ya juya wa raga baya, ya riƙe ƙwallo, ya sa kai, ya haɗa wasa da ƴan tsakiya. Wato daidai abubuwan da Ma'azu bai iya ba. An sayo mai tseren doki an ce ya yi noma. Ƙwallo ɗaya ya ci a gasar, filin wasa ya koma yi masa ihu. Sai a Janairun 2011 ya yi hirar nan da wata jaridar Faransa, inda ya nuna cewa wanda ransa ya ɓaci matsalarsa ce, shi hankalinsa kwance yake tunda yana da kwantiragi a Mosko, ya kuma haɗa da wata kalmar da ba a faɗa gaban surukai. Wannan kasonsa ne, ba na kowa ba. Yaro ne ɗan shekara 22 da aka tsangwama, na yarda, amma magana zarar bunu ce. Har yau in aka ambaci sunansa a Faransa, wannan furucin ake fara tunawa kafin ƙwallon da ya ci Lens. Ya koma Monaco a ƙarshen watan, bai yi kwana nawa ba ya ji mummunan rauni a gwiwa. Mai rayuwa da gudu in gwiwa ta taɓu, kowa ya san abin da ya rage.

Daga nan ne yawon da ƙanenmu ke lissafawa ya soma: Zulte Waregem, Le Mans, Étoile du Sahel ta Tunusiya, Vitória Guimarães da Marítimo a Fotugal, Changchun Yatai a ƙasar Sin, Randers a Danmak, Ajaccio, Lens ɗin da ya taɓa fitarwa, har Saudiyya da Luksambur. Ƙasashe wajen goma. Wuri ɗaya kawai zan tsaya a cikin jerin. A Marítimo, rabin farko na kakar 2014 zuwa 2015, ya ci ƙwallaye 9, sunansa yana cikin na gaba-gaba a masu cin ƙwallo na Fotugal. Yana da shekara 26, kamar an sake haihuwarsa. Sai Sin ta zo da kuɗi, ya tafi. A matsayina na mai kallo na ji haushi. A matsayina na ɗan Nijar kuwa ban iya zaginsa ba. Duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa fita ko da Legas ce ko Aljeriya ya san yawan bakin da ke jiran abin da zai aiko. Mutumin da gwiwarsa ta riga ta gargaɗe shi sau ɗaya, aka ajiye masa albashin da zai rufa wa zuri'a asiri, wane ne cikinmu zai rantse shi da ƙin karɓa zai yi?

To, wannan ita ce tiyar Turai, kuma na cika ta da gaskiya. Yanzu a ba ni tamu.

Shekarar 2010 ba shekarar dariya ba ce a ƙasar nan. Soja sun karɓi mulki a watan Fabrairu, yunwa ta taɓa miliyoyin mutane saboda daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, da ruwan ya zo kuma ya zo da ambaliya. Cikin wannan hali aka jefa Mena rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu wadda ta gama karɓar baƙuncin Kofin Duniya, da Saliyo, don neman zuwa gasar CAN ta 2012. Nijar ba ta taɓa zuwa ba tun samun ƴancin kai. Masar kuwa ita ce ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata. Wasan farko Afirka ta Kudu ta ci mu 2 da nema, babu wanda ya yi mamaki. Sai ranar 10 ga Oktoba Masar ta zo filin Janar Seyni Kountché. Mu a nan Maraɗi muna cunkushe gaban tele guda, wasu a tsaye wasu a kan katanga, muna addu'ar kada cin ya yi yawa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Ma'azu ya jefa ƙwallo a ragar zakarun Afirka, kuma a haka aka tashi, 1 da nema. Ƴan kabu-kabu sun kwana suna busa oda. Na ga dattijon da bai san dokar satar gida ba yana rungumar yara.

A lura da lokacin: wannan watan ne fa ake masa ihu a Bordeaux. Mutum guda, ƙafa guda, wata guda. Abin da ya bambanta shi ne Harouna Doula, mai horar da Mena, ya san abin da ke hannunsa. Bai ce masa ya zama Chamakh ba. Ya tara mutane a baya, Kassaly Daouda na tsaron raga, in an ƙwace ƙwallo a cilla ta gaba a bar Ma'azu da ƴan bayan da zafin Yamai ya riga ya gajiyar. Wasa ne da ba shi da ado, masana na iya raina shi, amma an ɗinka rigar daidai jikin mai sa ta.

Bayan wata goma sha ɗaya, a Satumban 2011, Afirka ta Kudu ta zo Yamai. Ma'azu bai daɗe da tashi daga jinyar gwiwa ba. Koffi Dan Kowa ya ci ta farko, Ma'azu ya ƙara ta biyu, aka tashi 2 da 1. Wannan ƙwallon ta biyu, in aka yi lissafi, ita ce ta kai mu CAN. A ranar ƙarshe Masar ta ci mu 3 da nema a Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo a gidanta, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili suna zaton sun wuce da yawan ƙwallaye. Ashe ba su karanta doka ba. Ƙasashe uku kowacce da maki 9, kuma dokar ta ce a duba wasannin da suka yi tsakaninsu: Nijar na da 6, su biyun kowacce 5. Da an tashi kunnen doki a wancan wasa na Yamai, da rawarsu ta tabbata. A ƙarshen shekarar hukumar CAF ta ba Harouna Doula kyautar gwarzon mai horarwa na Afirka.

Ba zan ce Ma'azu shi kaɗai ya yi ba. Ƙarya ce, kuma cin amanar sauran ne. Ba zan ɓoye ba kuma cewa da aka je gasar abin bai yi armashi ba. An ƙara wa jama'a kuɗin kiran wayar salula na ɗan lokaci don a tallafa wa tafiyar, talaka ya biya da murna, amma a Gabon muka sha kashi wasa uku. Ƙwallo ɗaya muka ci, ta William N'Gounou a ragar Tunusiya, wasan da Ma'azu ya wahalar da ƴan bayansu sosai amma aka ci mu a mintunan ƙarshe. A 2013 muka koma, bayan fitar da Gini, ƙarƙashin Gernot Rohr, muka samo maki guda a canjaras da Kwango ta Kinshasa, ba mu ci ƙwallo ko ɗaya ba. Wasa shida a CAN biyu, Ma'azu bai ga raga ba. Wannan ma yana cikin littafinsa. Dabarar "cilla masa ya bi" tana aiki a Yamai gaban jama'armu. A filin da ba namu ba, gaban waɗanda suka yi nazarinmu, ta tsaya.

Duk da haka ga tambayar da nake yi wa masu cewa ya ɓata baiwarsa. A kokawa, wadda muka fi kowa sani, yaya muke auna mutum? In aka ambaci Kantu na Maraɗi, abin da ake faɗa shi ne shi ya fara ɗaukar takobi a 1975. Ba wanda ke zama ya ƙirga sau nawa ya sha ƙasa daga baya, ko a gangar wane ƙauye aka taɓa kada shi. Ranar da jiharsa ta buƙace shi ya tsaya, shi ke nan sunansa ya zauna. Me ya sa in aka zo kan tamola sai mu ari idon ɗan jaridar Bordeaux mu dubi namu? Shi Bafaranshe yana da dalilin jin haushi, ya biya kuɗin tikiti bai ga ƙwallo ba. Mu fa? Mu abin da muka nema a wurinsa ya ba mu, sau biyu, a ranakun da suka fi kowace rana nauyi a tarihin Mena.

Abin da ya fi damuna ma ba sunan Ma'azu ba ne. Lokacin da muka je CAN ƙasashe 16 ake ɗauka. Tun 2019 an mayar da su 24, ƙofa ta ƙara faɗi, amma tun 2013 ba mu sake shiga ba. Victorien Adebayor ya zo ya wuce ƙwallaye 13 da Ma'azu ya ci wa ƙasa, kuma ku dubi hanyarsa shi ma: Gana, Danmak, Masar, Maroko, Afirka ta Kudu, dawowa gida a tsakani. Yawo iri ɗaya. In ɗa guda ya fita haka sai a ce halinsa ne; in na biyu ya bi sawu, to a dubi gidan. Ba wai babu baiwa ba: a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya farkon 2023, Harouna Doula ɗin nan dai ya kai mu wasan kusa da na ƙarshe bayan fitar da Gana, muka ƙare na huɗu. Matsalar ita ce yaron da zai zama Ma'azu na gaba har yanzu yana koyon tamola a inda na farko ya koya. Manyan ƙungiyoyinmu yawancinsu a Yamai suke, kuma na ma'aikatu ne: soja, jandarma, ƴan sanda, duwan, garde. Dan Kassawa da Jangorzo a Maraɗi, Espoir a Damagaram, Ader a Tawa, kullum cikin neman kuɗin mota suke, balle a yi zancen rukunin ƴan shekara 13 da malami na kansu. Yaro sai ya haskaka a gasar babban hutu, wani dillali ya gan shi, a kai shi waje ɗanye.

Akwai ma kuɗin da muke bari a ƙasa saboda wannan sakaci. Dokar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai da takarda, sai an rubuta cewa yaro kaza ya buga wa ƙungiya kaza a shekara kaza. Malamin unguwar da ya saya wa yaro takalmin farko daga aljihunsa, in ƙungiyarsa ba ta da rajista kuma yaron ba shi da lasisi, ko dala ba zai gani ba ranar da aka yi cinikin miliyar.

Sannan filin da aka kada Masar a cikinsa, a ƴan shekarun nan CAF ta sha cewa bai cika sharaɗi ba, har wasannin da ake kira "na gida" muka riƙa buga su a Kwatano da Maroko da Lome. Ku tuna maki 9 ɗin da suka kai mu CAN ta 2012 duka a Yamai aka same su, a waje ko ɗaya ba mu samo ba.

Ƙanen nan namu yana ɗan shekara bakwai ko takwas Mena ta buga CAN ta ƙarshe. Kafin a tashi daga fada na ce ya lissafo min ƴan wasan Real Madrid, ya jero su har da na benci, bai ko numfasa ba. Na ce to kawo min biyar daga Mena ta yanzu. Ya kawo biyu, ya tsaya yana sosa ƙeya, sai mai dafa shayi ya cece shi da miƙo kofi na uku.